Makarantun gwamnati a gundumar Montgomery ta jihar Maryland: tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya kama, wayata ba ta hutawa. Wani ya sauko da iyalinsa daga Kano ko Damagaram, ya kama haya a Silver Spring ko Germantown, yara na zaune a gida suna kallon talabijin, shi kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na ɗauki Montgomery ne don nan nake zaune kuma nan 'ya'yana suka yi karatu. Wanda ke gundumomin da ke maƙwabtaka, irin su Prince George's ko Fairfax, zai ga kamanni da yawa, amma kada ya ɗauka ƙa'idar ɗaya ce.

Ba gwamnatin tarayya ce ke da makarantun ba?

A'a. A Amurka ilimi lamarin jihohi ne, su kuma jihohin sun miƙa gudanarwar yau da kullum ga hukumomin yanki, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000 a faɗin ƙasar. A wasu jihohin ƙaramin gari ma yana da tasa hukumar. Maryland ta sauƙaƙa abin: hukumomi 24 ne kacal, ɗaya ga kowace daga gundumominta 23, sai ta birnin Baltimore.

Montgomery tana manne da birnin Washington ta arewa, mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma da yawansu a Washington suke aiki su dawo nan su kwana. Hukumar makarantunta, wadda kowa ke kira MCPS, ita ce mafi girma a jihar: ɗalibai wajen 160,000, makarantu sama da 200, ma'aikata fiye da 20,000. Idan kana neman abin kwatance daga gida, ka tuna hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Sai dai wannan tana riƙe da komai tun daga ajin share fage har ƙarshen sakandare, ita ke ɗaukar malamanta, ita ke tsara kalandarta, motocin ɗaukar yara ma nata ne.

Yaya matakan karatun suke?

Uku ne. Firamare tana farawa da ajin share fage, wanda ake kira kindagatin, ta ƙare a aji 5. Sai midil, aji 6 zuwa 8. Dattawanmu da suka san midil ta zamanin Turawa sukan yi murmushi in sun ji sunan. Sai sakandare, aji 9 zuwa 12. Ba a sake ƙirga aji daga ɗaya in an canza makaranta, lissafin miƙewa yake yi, don haka ɗan aji 10 shi ne kwatankwacin ɗan SS1.

Yaro yana shiga kindagatin idan ya cika shekara 5 a ranar 1 ga Satumba ko kafin nan. Dokar Maryland ta wajabta karatu daga shekara 5 zuwa 18. Babu jarrabawar shiga midil ko sakandare ta unguwa. In ya gama nan, sunansa na can yana jiransa.

Zan iya zaɓa wa ɗana makarantar da na ga dama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce mutanenmu suka fi yi a makare, bayan sun riga sun sa hannu a takardar haya. Adireshin gidanka ne ke zaɓa wa ɗanka makaranta. Kowane titi yana da firamarensa da midil ɗinsa da sakandarensa. Firamare kaɗan suna zuba yaransu a midil ɗaya ko biyu, su kuma su zuba a sakandare guda, kamar ƙoramu masu shiga kogi. Wannan gungun shi ne ginshiƙin tsarin, kuma da sunan sakandaren ake kiransa. Sakandaren unguwa 25 ne a gundumar. A shafin hukumar akwai wurin da za ka rubuta adireshi ya nuna maka makarantun ukun nan take. Ka yi wannan kafin ka biya kuɗin kama gida.

Abin da ke biyo baya ba ɓoyayye ba ne. A yammacin gundumar, wajen Bethesda da Potomac, akwai sakandare huɗu da ake wa laƙabi da harafin W saboda sunayensu: Walt Whitman, Walter Johnson, Winston Churchill da Thomas Wootton. Sakamakon jarrabawarsu na sama, kuɗin gida a kewayensu ma na sama, kuma kowanne yana tura ɗan'uwansa. A gabas, wajen Wheaton da White Oak da wasu sassan Silver Spring, nan ne baƙi masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, nan ne mu ma akasari muke sauka. Ni dai ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina kallo, shi ne makin da ake liƙa wa makaranta a shafukan dillalan gidaje ya fi nuna aljihun iyaye fiye da ƙwazon malamai. Manhaja ɗaya ce, albashin malamai ma sikeli ɗaya ne a duk gundumar. Na ga yaran da suka fito daga makarantun gabas suka shiga manyan jami'o'i ba tare da an yi musu alfarma ba.

Akwai wuraren da aka daɗe ana ba da ɗan zaɓi. A kudancin gundumar sakandare biyar, wato Blair da Einstein da Kennedy da Northwood da Wheaton, sun haɗu a rukuni ɗaya, ɗalibi ya jera wadda ya fi so. Haka Blake da Paint Branch da Springbrook a arewa maso gabas. Amma a 2025 an gabatar da shirin raba gundumar zuwa shiyyoyi shida, ana kuma sake shata iyakokin makarantu saboda sababbin gine-ginen sakandare, don haka ka duba abin da ke aiki a shekarar da ɗanka zai shiga.

Neman canjin makaranta yana yiwuwa, amma sai da hujjar matsi na gaske, ko in wansa ko yayarsa na can. "Na ji an ce ta fi kyau" ba hujja ba ce. Aron adireshin ɗan'uwa kuma, wanda wasu ke ɗauka wayo ne, ana bincikarsa. In an kama, a mayar da yaron inda ya dace a tsakiyar zango, kuma ana iya bin ka kuɗin makaranta in ba a gundumar kake zaune ba.

Waɗanne takardu za a nema? In takardun zamana ba su kammala ba fa?

Shaidar haihuwar yaro ko fasfonsa, shaidar cewa kai ne mahaifi ko mariƙi, shaidar zama a gundumar kamar takardar haya da ta kuɗin wuta, katin rigakafi, da sakamakon makarantar da ya baro. Wanda ke zaune a gidan wani, kamar yadda yawancinmu muka fara, akwai fom na musamman da shi da mai gidan za su cika.

Takardar izinin zama a ƙasa ba ta cikin jerin. Tun 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙoli ta yanke cewa jiha ba ta da ikon hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige-da-ficensa. Haka kuma akwai dokar tarayya ta McKinney-Vento da ta ce yaron da iyayensa ba su da matsuguni tsayayye a karɓe shi nan take, takardu su biyo baya.

Yaron da ya zo daga wata ƙasa yakan fara ne ta ofishin karɓar ɗaliban ƙasashen waje da ke Rockville, a duba takardunsa a gwada Ingilishinsa. Shawara biyu daga abin da ya same ni. Ta farko, rubutun suna. Babban ɗana Muhammad ne a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Moh'd a katin asibiti. Ma'aikaciyar ta jera takardun uku a kan tebur, ta ɗago kai ta tambaye ni da zuciya ɗaya ina sauran yaran biyu. Sai da na yi sati ina kai da kawo. Ka bi abin da ke fasfo, ka tsaya a kansa. Ta biyu, in ɗanka ya taɓa sakandare a gida, kada ka baro sakamakonsa na kowane zango, mai hatimin makaranta. Da shi ake ƙirga masa darussan da ya riga ya ci. In babu, yana iya maimaita abin da ya sani.

Kuma a nan shekaru ake bi wajen sa yaro a aji, musamman ƙanana. Maganar "ai yana da ƙoƙari, a tsallake da shi aji biyu" ba ta cika karɓuwa ba.

Yarana Faransanci da Hausa kawai suke ji. Za su iya?

Za su iya, kuma ba su kaɗai ba ne. Ɗaliban gundumar sun fito daga ƙasashe sama da 150. Akwai malamai na musamman masu koyar da Ingilishi ga baƙi, yaro yana zaune a ajinsa da sa'o'insa ana ba shi ƙarin darasi, duk shekara a yi masa gwajin da ake kira WIDA har ya kai matakin da za a sallame shi. Akwai kuma shiri daban na yaran da karatunsu ya taɓa yankewa na shekaru. Ƙananan yara cikin 'yan watanni za ka ji suna gyara maka lafazi. Wanda ya zo yana ɗan shekara 15 ko 16 shi ne ke shan wuya, shi ya fi buƙatar a sa masa ido.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna da sa'a biyu. Faransanci na cikin harsunan da hukumar ke fassara sanarwarta zuwa gare su. Sannan akwai firamare biyu, Sligo Creek da Maryvale, masu sashen da ake koyar da darussa da Faransanci zalla, ana shiga ta hanyar ƙuri'a. Hausa ba ta cikin harsunan fassara, amma kana da haƙƙin neman tafinta in za a yi zama a kan ɗanka. Ka nema tun da wuri. Kada ka mai da yaron tafintan kansa, don ba zai fassara maka laifinsa daidai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin tambayar: Hausar ce ke gudu. In ba a yi ta a gida ba, cikin shekara biyu kaka za ta kira a waya a rasa mai amsa mata gaisuwa.

Da gaske kyauta ne?

Babu kuɗin makaranta, babu na littafi, babu na mota, ana kuma ba ɗalibai kwamfutar Chromebook su yi aiki da ita. Yunifom ma babu a kusan dukkan makarantun. Abin da zai fita daga aljihunka shi ne jaka da fensir da makamantansu, kuɗin 'yan tafiye-tafiyen aji, da abinci.

Abincin ma akwai rangwame ko kyauta ga masu ƙaramin samu, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban gundumar suna cikin wannan shirin. Ka cika fom ɗin ko da kana jin nauyi. Ba bara ba ce, kuma yawan masu cikawa na cikin abin da ake dubawa wajen ƙara wa makaranta kuɗi da malamai. Game da halal, ana wallafa jerin abincin kowane wata. A gidana abin da muka yi shi ne ranar kifi ko abin da ba nama su ci a can, sauran ranaku uwarsu ta zuba musu a kula. Dafa-duka ta yi farin jini a teburin ajin 'yata har ta kai ana yi mata musaya da biskit.

Su wa ke juya akalar hukumar?

Majalisar ilimi mai kujeru 8. Bakwai manya ne da jama'a ke zaɓa na shekara huɗu, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba: biyar suna wakiltar shiyyoyi, biyu na gunduma baki ɗaya, kodayake duk mai ƙuri'a yana zaɓen dukkansu. Kujera ta takwas ta ɗalibi ce. 'Yan midil da sakandare ne ke zaɓensa na shekara ɗaya, kuma ba ɗan kallo ba ne: tun bayan gyaran doka a 2016 yana kaɗa ƙuri'a har a kan kasafin kuɗi. Ranar da na fara ganin yaro ɗan shekara 17 yana yi wa manyan jami'ai tambaya a kan biliyoyin daloli, su kuma suna amsawa da takardu a hannu, na daɗe ina jinjina abin.

Majalisar ce ke ɗaukar sufuritanda, wato shugaban gudanarwa, kwatankwacin sakataren ilimi amma mai iko da yawa. Thomas Taylor ya karɓi wannan kujera a 2024. A ƙarƙashinsa akwai daraktocin da ke kula da rukunin makarantu, sai firinsifal a kowace makaranta. A sama kuma akwai ma'aikatar ilimi ta jiha, mai tsara sharuɗɗan kammala karatu da jarrabawar jiha da lasisin malamai. Ƙungiyar malamai ma tana da ƙarfi. Ranar zaɓe za ka ga ana raba takarda mai siffar tuffa ɗauke da sunayen 'yan takarar da take goyon baya, kuma mutane da yawa da ita suke shiga rumfa.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Kasafin gudanarwa na shekara ya haura dala biliyan 3. Kusan kashi biyu cikin uku daga gundumar yake fitowa, daga harajin gidaje da na albashi. Jiha na ba da sama da kwata. Na tarayya ɗan kaɗan ne, akasari na yaran talakawa da masu buƙata ta musamman da abinci. Mafi yawan kuɗin a albashi da haƙƙoƙin ma'aikata yake ƙarewa.

Majalisar ilimi ba ta da ikon sa haraji, roƙa take yi. Sufuritanda ya gabatar a Disamba, majalisar ilimi ta amince a Fabrairu, shugaban gunduma ya faɗi nasa a Maris, majalisar gunduma ta yanke a Mayu, sabuwar shekarar kuɗi ta fara 1 ga Yuli. Dokar jiha ta hana gunduma rage abin da take kashewa kan kowane ɗalibi ƙasa da na bara. Akwai kuma babbar dokar gyaran ilimi ta 2021 da ake kira Blueprint, wadda ta faɗaɗa ajin 'yan shekara 3 da 4 ta kuma sa mafi ƙarancin albashin malami ya kai dala 60,000 daga 2026.

Mai haya kada ya ce ba ruwansa. Harajin gidan yana cikin kuɗin da kake ba mai gida duk wata. Kai ma mai makarantar ne.

Ƙarfe nawa ake shiga, kuma wa ke kai su?

Manya ne ke fara fita. Sakandare 7:45 zuwa 2:30, midil 8:15 zuwa 3:00, firamare 9:00 ko 9:25 zuwa 3:25 ko 3:50. An jera su haka ne don mota ɗaya ta yi sawu uku. Motar tana ɗaukar ɗan firamare in gidansu ya wuce mil 1 daga makaranta, ɗan midil mil 1.5, ɗan sakandare mil 2. Wanda bai kai haka ba da ƙafa zai je, sai in hanyar na da haɗari. Direba ba ya jira, ba ya kuma yin hon a ƙofar gida.

Shekarar karatu ba ta gaza kwana 180, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Yuni. In dusar ƙanƙara ta sauka, tun asuba ake sanarwa ko an rufe ko an jinkirta da awa biyu, don haka ka tabbata lambarka da imel ɗinka na cikin manhajar ParentVUE. Nan ne ma za ka ga maki da fashin ɗanka.

Ga wata doka da ke kama mutanenmu ba su sani ba: a Maryland ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, kuma mai tsaronsa dole ya kai 13. Abin da muka saba na barin ƙanne a hannun yayarsu 'yar shekara goma, a nan laifi ne.

Addini fa? Salla, hijabi, azumi, hutun Idi?

Makarantar gwamnati ba ta koyar da ibada, ba ta kuma jagorantar addu'a. Kotun Ƙoli ta hana wannan tun 1962. Amma ɗalibi yana da 'yancin yin addininsa. Hijabi ba matsala. Yaro na iya neman wurin da zai yi azahar lokacin cin abinci, kuma a sakandare da dama akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Da azumi, ɗan saƙo ga malamin motsa jiki ya isa a sassauta masa, wasu makarantun ma sukan bar masu azumi su zauna a laburare maimakon ɗakin cin abinci. Sai dai duk wannan sai ka nema. Ba wanda zai zo ya tambaye ka.

Labarin hutun Idi ya cancanci a ba da shi. Makarantun gundumar sun daɗe suna rufewa ranar Kirsimeti da Ista da manyan bukukuwan Yahudawa biyu. Musulmi suka yi shekaru suna neman a sa Idi. A Nuwamban 2014 majalisar ilimi ta ba da amsar da ba wanda ya nema: ta goge sunayen dukkan bukukuwan addini daga kalanda, amma ranakun hutun suka tsaya yadda suke. An yi ta ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar. Iyayen ba su yi zuciya ba, suka ci gaba da cika zauren taro. Bayan shekara guda majalisar ta matsar da ranar horar da malamai zuwa 12 ga Satumban 2016 don ta dace da Babbar Salla, yara suka zauna a gida. Tun daga nan ana ƙoƙarin daidaita kalanda da Idi. In kuma ganin wata ya saɓa wa lissafinsu, fashin ranar bikin addini uzuri ne karɓaɓɓe a doka, rubuta takarda kawai za ka yi.

Karatun Alƙur'ani kuwa naka ne. Masallatai irin su Muslim Community Center a Silver Spring da Islamic Center of Maryland a Gaithersburg suna da islamiyyar ƙarshen mako.

Na ji an kai hukumar kotu kan wasu littattafai. Me ya faru?

A 2022 aka shigar da wasu littattafan labarai masu ɗauke da jigon auren jinsi da sauya jinsi cikin darasin Ingilishi na ƙananan azuzuwa. Da farko ana sanar da iyaye, wanda ba ya so ya cire ɗansa. A Maris 2023 hukumar ta soke wannan damar. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗu suka shigar da ƙara, wadda aka sani da Mahmoud da Taylor. Ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 a kan 3, ta goyi bayan iyayen, ta ce a sanar da su kuma a bar su su cire 'ya'yansu. Ba a cire littattafan daga makarantu ba, damar kaucewa ce aka dawo da ita. Darasin zaman iyali da ke cikin ilimin kiwon lafiya shi ma dama can iyaye na iya cire yaro daga cikinsa. Dukkansu da fom ake yi, kuma fom ɗin da ba a cika ba daidai yake da amincewa.

Malamai na duka?

Ba sa yi. Maryland ta haramta bulala a makarantun gwamnati tun 1993. Horon shi ne kiran iyaye, tsarewa bayan an tashi, ko dakatarwa. Kuma doka ta tilasta wa malami ya kai rahoto in ya ga tabon duka a jikin yaro. Kada ka je ka ce wa malami "na ba ka nama, ƙashi nawa". Ba zai fahimce ta yadda kake nufi ba.

Ɗana yana da ƙwaƙwalwa sosai. Akwai makarantun haziƙai?

Akwai, ana kiransu maganaɗisu don suna jawo yara daga wajen unguwarsu. Sanannun su ne sashen kimiyya da lissafi da kwamfuta na Montgomery Blair a Silver Spring, shirin IB (manhajar sakandare ta ƙasa da ƙasa) na Richard Montgomery a Rockville, da sakandaren Poolesville can cikin gonaki. A matakin midil akwai Takoma Park da Eastern da wasu. A firamare ana duba duk 'yan aji 3 don cibiyoyin aji 4 da 5, waɗanda suka cancanta a sa su a ƙuri'a.

Na sakandare nema ake yi, a farkon aji 8, kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya: matakin lissafin da aka sa yaro tun aji 4 ko 5 shi ke nuna inda zai kai a aji 8. Ka tambayi malama a wane rukunin lissafi ɗanka yake, da abin da ake buƙata ya hau na gaba. Wanda bai samu maganaɗisu ba kuma bai rasa komai ba, kowace sakandare tana da darussan AP masu matakin jami'a.

Yarona yana da lalura, ko yana jinkirin magana. Za su karɓe shi?

Dole ne su karɓe shi. Dokar tarayya da ta samo asali tun 1975 ta ba kowane yaro mai naƙasa haƙƙin ilimi kyauta daidai da buƙatarsa. Ana gwada shi, a zauna da kai a rubuta masa tsari nasa shi kaɗai da ake kira IEP: mai koya masa magana, ƙarin lokaci a jarrabawa, mataimaki a aji, mota ta musamman. Tallafin yana farawa tun yaro na jariri. Mu muna da al'adar rufa wa irin wannan asiri, muna cewa zai yi magana in lokacinsa ya yi. Shekarun da ake ɓatawa ana jira su ne waɗanda taimakon ya fi aiki a cikinsu.

Me ake buƙata kafin a ba shi shaidar kammala sakandare?

Babu jarrabawa guda irin WAEC da komai ya rataya a kanta. Kiredit ake tarawa, wato lissafin darussan da aka ci, cikin shekara huɗu, aƙalla 22: Ingilishi 4, lissafi 4, kimiyya 3, tarihi da zaman ƙasa 3, da sauransu, haɗe da wasu jarrabawoyin jiha. Makin aji 9 yana bin yaro har takardar neman jami'a. Sai awa 75 na aikin sa-kai, wanda Maryland ce jihar da ta fara wajabta shi. Ana iya fara tarawa tun midil, a wuraren da hukumar ta amince da su.

Mai sha'awar sana'a yana da makarantar fasaha ta Thomas Edison, inda ake koyon kanikanci da aikin wuta da gini da girki rabin yini. Mai sauri kuma yana iya ɗaukar darussa a Montgomery College tun yana sakandare.

An aiko takarda wai 'yata 'yar aji 6 za ta kwana a daji da 'yan ajinsu. Dole ne?

Ba dole ba ne. Shiri ne na ilimin muhalli, kwana biyu a sansani kamar cibiyar Lathrop Smith, maza da mata a ɗakuna daban, da malamai a tare da su. Ni ma da farko na ce atafau ba za ta je ba. Uwarta ta je taron bayani, ta yi tambayoyinta har ta gamsu. Yarinyar ta dawo da takalmi cike da taɓo da labarin ƙwarin rafi da muka sha har mako guda.

In ina da ƙorafi, wa zan nufa?

Ka fara da malamin, ta imel, don a nan abin da ke rubuce shi ne magana. In ba a dace ba sai malamin ba da shawara ko mataimakin firinsifal, sai firinsifal, sai daraktan da ke samansa. Akwai fom ɗin ƙorafi na hukuma da na rahoton cin zali tsakanin ɗalibai, kuma da zarar ka cika dole a bincika a ba ka amsa. Zaman majalisar ilimi a buɗe yake, kowane mazaunin gunduma na iya rubuta sunansa ya yi magana na 'yan mintuna. Ƙuri'a ce kawai sai ɗan ƙasa.

Inda muke faɗuwa shi ne kawaici. An tarbiyyantar da mu cewa yawan zuwa makaranta raina malami ne, don haka mukan miƙa yaro mu koma gefe. Su kuma in ba su gan ka ba sai su ɗauka ko ka gamsu ko ba ka damu ba. Shekarata ta farko ban je taron komawa makaranta na watan Satumba ba, ban je ganawar iyaye da malamai ta Nuwamba ba, ina ganin girmamawa nake yi. Sai a ƙarshen shekara na gano an bar ɗana a rukunin lissafin da bai dace da shi ba tun zangon farko, kuma iyayen da suka tambaya an matsar da nasu. Da na je da fushina, malamar ta buɗe kwamfuta ta nuna mini saƙo uku da ta aiko, duk suna cikin akwatin imel ɗin da na buɗe ranar rajista ban sake leƙawa ba.